Allurar da Dada Tasallah Ba Ta Karɓa Ba

A makarantar firamaren 'yan mata da ke wani lungu na unguwar Sih a Madina, akwai ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakalar bene. Ba a rubuta komai a ƙofarsa ba, amma duk yarinyar da ta yi sati guda a makarantar ta san sunansa, ɗakin Dada. A ciki akwai bokiti biyu da sandar goge ƙasa da butar shayi mai aiki da lantarki, sai wata siririyar katifa da aka jingine a bango. Dadar kuwa ita ce Tasallah. Shekara goma sha huɗu ke nan tana share ajujuwa, tana wanke banɗaki, tana kai wa malamai shayi. Ban da wannan akwai aikin da ba wanda ya ɗora mata, ita ta ɗora wa kanta: duk yarinyar da ciwo ya kayar, ita ke riƙe ta har a zo ɗauka.

A Mirriya aka haife ta, kusa da Damagaram, ranar ƙaramar salla, shi ya sa sunan. Mahaifinta malamin zaure ne mai tsanani a kan ibada, irin wanda ko kwalli ba ya bari a sa da rana a gidansa in ana azumi. Tana da shekara ashirin da biyu ta iso Madina, ta tarar da mijinta Issoufou wanda ya riga ta zuwa da shekara uku. Suka kama ɗaki biyu a Harra ta Gabas, cikin tsofaffin gidajen nan da aka kafa a kan baƙin dutse, masu zafi kamar tanda da bazara, masu sanyi kamar randa da hunturu. Haihuwarta huɗu, ɗaya ta tsaya, Sundus, wadda ta tashi tana jin Hausa sarai amma rabin amsarta da Larabci take fitowa.

Issoufou ruham yake yankawa a wata warsha, wato shagon masu yankan dutse, a unguwar Sultana, farin dutsen nan mai sheƙi da ake shimfiɗawa a gidajen masu hali. Kullum yakan dawo fari fat tun daga gira har yatsun ƙafa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "A buɗe wa Baturen Damagaram." Shekara talatin yana wannan wasa. Ƙurar da yake kakkaɓewa a bakin ƙofa ashe kaɗan ce, mai yawan tana ciki. Ya fara da tari, ya koma hutawa a tsakiyar matakala, daga baya ya bar aikin gaba ɗaya. A watan Satumba na shekarar da ya bar aikin numfashi ya ƙi masa, aka kwantar da shi asibiti kwana goma sha ɗaya, biyar daga ciki bai san wanda ke kansa ba.

A rana ta huɗu, bayan ta idar da la'asar a kan ɗan kwali a barandar asibitin, Tasallah ta ɗaga hannu ta yi bakance. Ta ce, "Ya Allah, in Ka mayar mini da shi gida da ƙafarsa, na yi Maka alkawarin azumi talatin a jere, ba tsallake ko ɗaya." Ba ta faɗa wa kowa ba. A gidansu an koya mata cewa irin wannan magana tsakanin bawa da Ubangijinsa take tsayawa.

Ya kuwa dawo da ƙafarsa, ko da yake da ɗan injin iska da ake jona masa a hanci. Ranar sallama likitan, wani mai saurin magana, ya tsare Sundus da bayani, ita kuma tana juya wa uwarta.

"Ummi, ya ce sun yi wa Abuya allurar mura. Amma ya ce mai huhu irin nasa, allurar rabin katanga ce kawai. Sauran rabin mu ne. Duk wanda ke kwana a gidan sai ya yi."

Likitan ya tambayi inda Tasallah ke aiki. Da ya ji makarantar yara ce, sai ya ajiye biro ya dube ta, ya yi magana a hankali yadda ba ta buƙaci tafinta ba. Ya ce ita ce ta farko, domin ta hannunta ciwon zai shigo gidan in zai shigo.

Sundus ta yi tata a satin, a kantin kayan mata da take aiki. Tasallah kuwa washegarin sallamar ta ɗauki azumi. Issoufou yana kishingiɗe da robar iska a hanci yana kallonta tana shan ruwa kullum da magariba, har ya gaji ya ce, "Wai ke wannan ramuwa taki ba ta ƙarewa? Tsohuwa da ke, me kika sha a Ramalana da ban sani ba?"

"Malam, ka ji da tarinka."

"To, a sa ni a addu'a. A ce Allah Ya ƙara wa Bature haske."

Rana ta goma sha tara ta faɗo a Alhamis. A ranar ne ma'aikatan jinya biyu suka zo daga markaz, wato asibitin unguwa, da akwatin sanyi mai ruwan bula, suka kafa tebur a ɗakin malamai. Shugabar makaranta ta sa an sanar cewa kowa da kowa ne, har masu shara. Malamai suka jeru suna naɗe hannun riga suna tsokanar juna. Tasallah ta shigo da tiren shayi, ta ajiye, ta juya za ta fita.

"Hajiya, ina zuwa?"

Da Hausa aka yi maganar. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ce, wata gajeriya mai tabarau, sunanta Munirat a rubuce a ƙirjin rigarta.

"Ikon Allah. 'Yar ina ce?"

"Kano. Ke kuwa ko ba ki faɗa ba na ji Damagaram a bakinki. Zo ki zauna, yau Allah Ya kawo mini ke hannu."

"Bakanuwa ke nan, ko allura sai kin yi mata talla. Azumi nake, 'yata."

"Ai ba ta karya azumi. A dantse ce, ba abinci ba ce, ba ruwa ba ce."

Abla Afnan, malamar aji biyu, tana zaune tana danne audugar da aka sa mata. Jikar mahajjatan Katsina ce da suka zauna tun zamanin tafiyar ƙasa, 'yar ƙasa ce, Hausarta ta kaka ce, ba ta cika fito da ita ba sai ga Tasallah. Ta ce, "Wallahi Dada, sahih. Malamai duka sun faɗa. Lokacin korona ba ki ji ba? Har a Haram an faɗa."

Tasallah ta ji, ba wai ba ta ji ba. Da azumin Litinin ne ko na Alhamis da ta miƙa hannu ba gardama. Amma wannan na alkawari ne, kuma ta ce a jere. In akwai ko ƙwayar shakka cewa abin da ya huda fata ya shiga jiki yana taɓa azumi, kamar yadda mahaifinta ya riƙe har ya mutu, to kwana goma sha tara sun zube, kuma ta saɓa wa Wanda Ya cika mata nasa. A ganinta numfashin da Issoufou ke ja a gida a kan waɗannan kwanakin yake rataye. Ba ta iya faɗin wannan a gaban tebur cike da malamai.

Ta ce, "Na ji, Abla. Amma ba na son in kai wa Allah abu mai shakka. Saura kwana goma sha ɗaya, in na gama zan je markaz da ƙafata."

Munirat ta girgiza kai tana dariya. "Kan Damagarawa da dutsen Harra, ban san wanne ya fi tauri ba. Ki zo fa, Hajiya. Kin san inda muke. Kar ki bari sanyi ya riga ki."

"In sha Allahu."

Da yamma ta faɗa wa Sundus gaskiya, cewa ba ta karɓi allurar ba. Sundus ta ajiye cokalin da ke hannunta. "Ummi, lesh? Don me? Har cikin makaranta aka kawo miki! Ba ki ji abin da daktor ya ce ba?" Tasallah ta ce ta ji, kwana goma sha ɗaya ba shekara ba ce. Sundus ta ƙirga kwanakin, ta kama mata layi ta waya, ranar Lahadi ƙarfe tara na safe.

Azumi ya cika talatin ba tsallake. Ranar da ta sha ruwan ƙarshe ta dafa wa Issoufou shinkafa da kaza, ta zauna tana kallonsa yana ci, ranta fes. Ran Lahadin kuwa matar da suke shara tare ba ta zo ba, sharikar da ta ɗauke su aiki, wato kamfanin, ta mayar da ita wata makaranta, ba a turo madadi ba. Ƙarfe takwas da rabi wata yarinya ta yi amai a ƙofar aji uku. Kafin Tasallah ta wanke, ta goge, ta canja wa yarinyar riga, goma ta wuce. Sundus ta sake kama wani layin, ya faɗo ranar da masu duba makarantu suka zo. Daga nan maganar ta fara sanyi. Issoufou yana samun sauƙi, har yana fita bakin ƙofa shan hantsi. Kowace safiya Tasallah takan ce wa kanta sati mai zuwa.

Sanyin Madina ba ya sallama. A tsakiyar Disamba aka wayi gari iska tana yankan kunne, yara suna rawar ɗari a layin safe, tari yana tashi daga wannan layi ya faɗa wancan har ba a jin mai karatun Alƙur'ani a lasifika. Ga jarrabawa ta matso, ba uwar da ke son a rubuta 'yarta ba ta zo ba. Tasallah ta daɗe da sanin yadda ake yi. Yarinya ta kwana da zazzaɓi, ƙarfe shida uwar ta ɗura mata maganin ruwa, ta sa mata rigar sanyi, ta tura ta mota jiki ba zafi. Wajen ƙarfe goma maganin ya sake ta. Tasallah tana kiran abin zazzaɓin ƙarfe goma, kuma kafin lokacin takan shimfiɗa katifar ta kunna buta ta jira.

Ba ta amfani da ma'aunin zafi, ko da yake akwai ɗaya a ofis. Kumatunta take ɗorawa a goshin yarinya, kamar yadda uwarta ta yi mata a Mirriya, ta ce wannan a kira gida, wannan yunwa ce kawai. Da wuya ta yi kuskure. An raba takunkumi, takan sa in tana shara, amma in ƙaramar yarinya tana kuka sai ta janye shi ƙasan haɓa, don ta lura ba sa yin shiru sai sun ga bakinta. A satin nan akwai ranar da ta jera yara biyar a ɗakin da bai fi tsawon mutum ba, ba taga. Malamai uku suka kwanta, amma biyu sun dawo bayan kwana biyu suna cewa da sauƙi ya zo musu.

Ran Talata Abla Afnan ta shigo ɗauke da wata 'yar aji biyu mai suna Nadiya, idanunta sun yi ja, haƙoranta suna haɗuwa. An kira uwar, tana wurin aiki. An kira uban, yana hanyar dawowa daga Yanbu da babbar mota. Yarinyar ta ƙi katifa, sai jikin Dada. Tasallah ta lulluɓe ta da mayafinta na ulu, ta rungume ta tun goma da rabi har aka yi kiran azahar, yarinyar tana tari a wuyanta, tana cewa da Larabci, "Dada kar ki tafi." Abla Afnan ta leƙo sau biyu. A na biyun ta tsaya ta ce, "Dada, kin je markaz kuwa?"

"Sati mai zuwa, Abla."

Ran Alhamis ta tashi gaɓoɓinta kamar an daka. Ta san ko mene ne. Ta tsaya a tsakar ɗaki tana tunani: in ta zauna gida, wuni za ta yi kusa da Issoufou, in ta tafi, ko ba komai ta yi nisa, kuma ba wanda zai ce wa sharika ta tsufa. Ƙarfe shida ta haɗiyi ƙwaya biyu ta fita. Ƙarfe goma maganin ya sake ta tana tsakiyar goge matakala, ta zauna a kan bokiti har jirin ya wuce.

A gida ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakin Sundus, ta ware kofinta, ta ɗaura takunkumi. Amma ɗaki biyu ne da banɗaki ɗaya, tagogin a rufe saboda sanyi, Sundus kuma tana kanti har bayan isha'i. Wa zai ɗaga shi in zai yi alwala? Ran Juma'a da rana ya same ta tana karkarwa a kan darduma, ya ja robar iskarsa iyakar tsawonta, ya zauna kusa da ita yana shafa mata man zafi a goshi.

"Malam, ka matsa. Don Allah ka matsa."

"Shekara talatin da biyar ban matsa ba sai yau? Ni an yi mini allura, ke ce abin tausayi."

Ita kwana huɗu ta yi ta miƙe. Shi ran Lahadi ya fara, ran Talata da hantsi leɓɓansa suka canja launi, motar asibiti ta kasa shiga lungun, sai a kan kujera maƙwabta suka fito da shi. A barandar nan dai ta sake zama, a kan wani kwalin. Ta ɗaga hannu bayan la'asar, ta buɗe baki, ta rasa abin da za ta yi alkawari da shi. Kwanansa shida. Ya cika ranar Litinin tsakanin azahar da la'asar, Sundus tana riƙe da ƙafarsa.

Ba likitan da zai rantse cewa da ta karɓi allurar da bai mutu ba. Akwai waɗanda suka karɓa kuma murar ta kama su, kuma huhun Issoufou ya riga ya ƙare tun kafin sanyi ya zo. Wani ƙaramin likita ya faɗa wa Sundus haka, ita kuma ta juya wa uwarta kalma bayan kalma, idonta a kan bango. Tasallah ta saurara har ƙarshe ta ce Allah Ya saka da alheri. Sundus ba ta taɓa ce mata ke ce ba, ko sau ɗaya. Sai dai tun daga ranar, in ta ga uwar ta tashi da niyyar azumi, takan ɗauki jakarta ta fita ba ta karya kumallo ba.

An yi masa salla a Haram, aka kai shi Baƙi'a. Mata ba sa shiga, don haka Tasallah ta tsaya a waje ta riƙe ƙarfen shinge tana hangen maza sun yi cincirindo can nesa, ba ta iya gane ko wanne rami ne nasa ba. Masu gaisuwa suka cika gidan kwana uku, 'yan Damagaram da 'yan Maraɗi da tsofaffin abokan warsha, kusan kowa da magana ɗaya: ya dace, ya mutu a Madina, ya kwanta kusa da Sahabbai, wannan ai abin barka ne. Tana amsawa da amin. Wata tsohuwa ta dafa ta ta ce, "Kin yi jinya, 'yar nan, kin cika alkawarin aure." Nan ne kaɗai aka ga ta tashi ta shiga banɗaki ta daɗe.

Abla Afnan ce ta tsaya mata wajen shugabar makaranta har aka riƙe mata gurbinta ta gama takaba. Ta dawo ana dab da hutu, ta rame, ba ta cika magana ba. Nadiya ta rugo ta rungume ta, ta warke sarai, haƙoranta biyu na gaba sun fita. Da bazara aka ɗaura wa Sundus aure, mijin ya tafi da ita Yanbu. Tasallah ta mayar da injin iskar, ta saki ɗaki ɗaya, ta zauna a ɗayan.

A watan Oktoba akwatin sanyin nan ya dawo ɗakin malamai. Ran Litinin ce, kuma tana azumi. Kafin a gama shimfiɗa farar takarda a kan tebur tana tsaye a bakin ƙofa, ba tire a hannunta, ta riga ta naɗe hannun riga har kafaɗa.

Munirat ta ɗago tabarau ta gane ta. "Lale, Damagaram! Shekara guda ina jiranki a markaz. Yau ba azumin?"

"Da shi."

"To, dutse ya yi laushi ke nan." Ta jawo takardar da ake cikewa tana murmushi, tana karantowa tana yi wa layi alama. Shekaru nawa, akwai ciwon suga, an taɓa yi mata allura jikinta ya ƙi. Ta zo layin ƙarshe.

"Akwai tsoho ko mai ciwon ƙirji da kuke zaune gida ɗaya?"

"Babu."

"Ke da wa kuke zaune?"

"Ni kaɗai."

Abla Afnan, wadda ke bayanta a layi, ta taɓa kafaɗar Munirat ta girgiza kai. Munirat ta dubi takardar, ta dubi Tasallah. Ta goge dantsen da auduga mai sanyi. Abin bai kai ƙiftawar ido uku ba. Tasallah ta tsaya tana jira, tana tsammanin da saura.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Hajiya."

Ta sauke hannun rigarta, ta yi godiya, ta fita. Dantsen ya yi mata tsami kwana biyu, da shi ta goge matakala. Ƙarfe goma saura na ranar ta uku ta shimfiɗa katifa, ta kunna buta, ta gyara takunkumi a fuskarta, ta zauna a kan bokiti tana jin tari yana saukowa daga bene.